Ina da kuɗin kujerar Makka, amma akwai amanar mamaci a cikin jarina

Assalamu alaikum, Malam. Ni mutumin Tawa ne, shekaruna 47. Na yi shekara 19 ina biɗa a Abijan, ina sayar da abincin garba a unguwar Ajame, kafin in dawo gida in buɗe shagon kayan masarufi shekara 7 da suka wuce. A can na yi kamar shekara 8 ba na salla sai ta Idi, kuma a cikin watannin azumi uku na sha kusan kwana 40 da gangan, saboda zafin wutar suya da rashin mai tsawata mini. Tun da na buɗe shago ban taɓa lissafa zakka ba, sai dai kowace Juma'a nakan raba wa almajirai da makafi sadaka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, lokacin rikicin da aka yi a Abijan a 2011 wani abokina na wajen Keita ya ba ni ajiyar jika 600 ta kuɗin sefa, ya rasu a can, iyalinsa ba su san da kuɗin ba, ni kuwa da su na kafa jari. Yanzu ina da kaya na kusan miliyan 5 a shago da tsabar kuɗi miliyan 4. Sa'o'ina duk sun zama alhazai, mahaifiyata kuma kullum maganarta ita ce tana so ta ga na sauke farali kafin ta koma ga Allah. Na ji a wa'azi cewa wanda ya yi Hajji yakan dawo kamar ranar da aka haife shi. Shin in biya kujera bana, in Allah Ya karɓa shi ke nan an yafe duka?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwana. Allah Ya saka maka da alheri da ka faɗi maganar yadda take, domin mutane da yawa idan sun zo da irin wannan tambaya sukan ambaci salla da azumi, su haɗiye zancen ajiyar. Kai ka kawo shi da kanka, ka kuma ce shi ya fi ci maka rai, wannan ya nuna mini zuciyarka ta riga ta san inda amsar take. Shawarata ita ce kada ka biya kujera bana. Ka fara zuwa Keita tukuna.

Hadisin da ka ji a wa'azi ingantacce ne, Buhari da Muslim duk sun ruwaito shi: wanda ya yi Hajji, bai yi batsa ba, bai yi fasiƙanci ba, zai koma kamar ranar da mahaifiyarsa ta haife shi. Amma malamai sun rarrabe tsakanin zunubin da mutum ya ɗauka saboda saɓo da kuma haƙƙin da ke rataye a wuyansa har yanzu. Hajji karɓaɓɓe ana fatan ya kankare zunubin sakacin da ka yi, amma ba ya mayar da kuɗin marayu ya zama naka, ba ya fitar maka da zakkar da ba ka fitar ba, ba ya kuma sallatar sallolin da ka bari. Ka duba hadisin da Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa wanda ya yi shahada kowane zunubi, ban da bashi. Idan wanda ya ba da ransa a tafarkin Allah bai tsira daga bashi ba, ta yaya wanda ya hau jirgi daga filin Diori Hamani na Yamai ya yi ƴan makonni ya dawo zai tsira daga gare shi? A wani hadisin kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana wa sahabbansa cewa matsiyacin wannan al'umma shi ne wanda zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, sai a yi ta ɗibar ladansa ana biyansu har ya ƙare, sannan a ɗebo zunubansu a ɗora masa.

Musulunci an gina shi ne a kan abubuwa biyar, kamar yadda ya zo a hadisin Abdullahi ɗan Umar, kuma kowa ya haddace su tun yana makarantar allo, sai dai mukan manta cewa ba a jere suke kamar kayan shago da mutum zai zaɓi wanda ya fi ba shi sha'awa ba. Lokacin da Annabi ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya umarce shi ya fara kiran mutane zuwa ga kalmar shahada, in sun amsa ya sanar da su salloli biyar, in sun amsa wannan ma ya sanar da su zakka da ake karɓa daga mawadatansu a mayar wa matalautansu. An farlanta salla tun a Makka, a daren Isra'i da Mi'iraji, kafin hijira. Azumin Ramadan ya zo a shekara ta 2, shi kuwa Annabi bai yi Hajjinsa na bankwana ba sai a shekara ta 10. Hajji sau ɗaya ne a rayuwa, kuma aya ta 97 ta Suratu Ali Imrana ta ɗora shi a kan wanda ya sami iko. To, ikon nan da kuɗinka ake auna shi, ba da kuɗin da ke hannunka kawai ba, kuma cikin miliyan 4 ɗin nan akwai wanda ba naka ba ne.

Mu fara da ajiyar, domin ita ce ba ta jiran gobe. Allah Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 58, a mayar da amanoni ga masu su, kuma a aya ta 10 ta wannan surar Ya ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta kawai suke ci a cikin cikkunansu. Tun ranar da abokinka ya rasu kuɗin nan ya tashi daga ajiyarsa ya koma gadon iyalinsa. Yi tunanin shekarun da suka biyo baya a wannan gida: shekarar da damina ta yi gardama aka sayar da ƴar akuyar da ta rage don a sayi tiya biyu ta hatsi, yaron da aka cire daga makaranta, matar da ta yi takaba ba ta san mijinta ya bar mata komai ba. A daidai wannan lokaci kuɗinsu yana juyawa a buhunan shinkafa da jarkokin mai a shagonka. Ban faɗi haka don in ƙona maka rai ba, na faɗa ne don ka gane cewa kowace rana da ta ƙaru ƙarin nauyi ce.

Ta fuskar hukunci, littafin Risala na Ibnu Abi Zaid ya ce yin kasuwanci da kuɗin ajiya makaruhi ne, kuma idan ajiyar tsabar kuɗi ce ribar ta wanda ya juya ta ce. Saboda haka abin da ya zama tilas a kanka shi ne jika 600 cif, babu ragi. Amma ni da zan ba ka shawara irin ta ɗan'uwa, sai in ce ka ƙara musu wani abu mai kauri a kai, domin jika 600 ta 2011 ba ta sayen abin da take saye a yau, kuma laifinka bai tsaya ga juya kuɗin ba, har da ɓoye shi shekara da shekaru.

Na san shaiɗan zai kawo maka wata dabara: ka aika da kuɗin ta hannun wani a ce kyauta ce, ko ka gina rijiya da sunan mamacin, ko ka yi masa sadaka a Makka. Sadaka da sunan mai haƙƙi sai an nemi magadansa an rasa, kai kuwa ka san garinsu, kuma tafiyar Tawa zuwa Keita ba ta cin yini. Aikawa a matsayin kyauta kuma tana da illar da mutane ba sa lura da ita, domin wanda aka damƙa wa zai ɗauka nasa ne shi kaɗai, alhali kuwa gado ne da sai an raba shi bisa ƙa'ida. Idan mamacin ya bar bashi, a fara biyansa. Idan ya bar mata da ƴaƴa, matar tana da kashi ɗaya cikin takwas, wato jika 75 daga cikin 600, mahaifiyarsa in tana raye lokacin rasuwarsa tana da ɗaya cikin shida, wato jika 100, haka ma mahaifinsa, sauran kuma na ƴaƴa ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Wanda ya rasu daga cikinsu bayan haka, rabonsa na magadansa ne. Wannan ba ya yiwuwa sai an faɗi gaskiyar asalin kuɗin. Ka nemi dattijo ɗaya da kake jin nauyinsa ya raka ka, ku sauka wajen limamin garin ko mai gari, a tara magada, ka ƙirga kuɗin a gaban shaidu, ka nemi gafararsu. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Wataƙila su yi kuka su yi maka addu'a, wataƙila kuma wani daga cikin ƴaƴan ya gaya maka magana mai zafi, in haka ta faru ka sunkuyar da kai ka shanye, yana da gaskiya.

Wani abu da ya kamata ka tuna shi ne al'adarmu ta maniyyaci, wanda kafin ya tashi yakan bi gida gida yana cewa a yafe masa. Kakanninmu da suke tafiya a ƙasa ta Chadi da Sudan, tafiyar da kan ɗauki shekaru, ba sa ɗaga ƙafa sai sun biya bashi sun mayar da ajiya, domin ba su da tabbacin dawowa. Zai zama abin takaici ka zagaye unguwa kana neman gafarar maƙwabtan da ba ka ci musu komai ba, ka tsallake gida ɗaya tak da ke bin ka haƙƙi.

Sai zakka. Sadakar da kake rabawa ranar Juma'a tana da ladanta, Allah Ya karɓa, amma ba ta zama zakka, domin ba da niyyar zakka ka ba da ita ba, kuma ba a kan lissafi ba. Zakka haƙƙin talakawa ce da ke cikin dukiyarka, ba ta faɗuwa saboda shekaru sun wuce, har Sayyidina Abubakar ya yaƙi waɗanda suka hana ta bayan rasuwar Annabi. Nisabinta shi ne miskali 20 na zinariya, kimanin giram 85, ko dirhami 200 na azurfa, kimanin giram 595, kuma abin da ake fitarwa kashi ɗaya ne cikin arba'in, wato jika 25 a kowace miliyan guda. A mazhabar Imamu Malik mai shago irinka, wanda kayansa ke shiga suna fita kullum, ana kiransa mudiri, kuma hukuncinsa shi ne ya tsayar da wata ɗaya a shekara, ya ƙiyasta kayan sayarwarsa da farashin kasuwa na wannan rana, ya haɗa da tsabar kuɗinsa da bashin da yake bin mutane wanda yake sa ran za a biya, sannan ya fitar. Kantoci da sikeli da firji da ginin shagon ba sa shiga lissafi. Wannan ya bambanta da mai sayen hatsi ko wake da kaka ya ɓoye yana jiran tsada, wanda shi sai ya sayar yake fitarwa.

Mu ƙaddara bana kana da miliyan 9 gaba ɗaya, an cire jika 600 ta marayu da, misali, jika 400 da manyan ƴan kasuwa ke bin ka, saura miliyan 8, zakkarka ta zama jika 200. Shekarun baya kuwa sai ka zauna da littafin shago, in akwai, ko ka yi kirdado na tsakani da Allah shekara bayan shekara, ka tambayi maƙeran zinariya yadda farashin giram yake a lokacin don ka san shekarar da ka kai nisabi, inda ka yi shakka kuma ka rinjayar da ɓangaren talakawa. Waɗanda ake ba wa su ne kashi takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa. Ba a ba mahaifiya ko mata ko ƴaƴan da ciyar da su ke kanka, amma ƙanwarka da mijinta ya tafi biɗa ya yi shiru, ko ɗan baffanka da bashi ya yi wa katutu, sun fi cancanta da wanda ba ka sani ba. Iyalin abokin nan naka ma, in matalauta ne, suna iya shiga, da sharaɗin kada ka lissafa zakkar a madadin jika 600 ɗinsu. Kuma maimakon ka warwatsa ta dala ashirin ashirin a ƙofar masallaci, gara ka ba mutum uku ko huɗu abin da zai zama jari.

Game da salla, ina fata dai yanzu kana tsayar da ita a kan lokaci, domin ita ce farkon abin da za a yi wa bawa hisabi a kansa. In akwai sauran sakaci, to daga sallar da ke gabanka yau za ka fara, ka rufe shago in an kira, ciniki ba ya gudu. Ta shekara 8 da ta wuce kuwa, mazhabobi huɗu sun tafi a kan cewa sai an rama, ko da gangan aka bari. Akwai malamai irin su Ibnu Hazm da Ibnu Taimiyya da suka ce wanda ya bari da gangan ba ramuwa a kansa, sai tuba da yawaita nafila, za ka kuma ji wannan a bakin wasu masu wa'azi a nan Tawa. Ni dai ina tare da mafi yawan malamai, domin wanda ya rama ya fita daga saɓani ta kowace fuska.

Kada yawan ya firgita ka. Shekara 8 ta watan Musulunci kwana 2,832 ce. Littafin Ahalari ya ce wanda yake rama sallar kwana biyar a kowace rana ba a kiransa mai sakaci, wanda da wannan lissafi za ka gama cikin shekara ɗaya da wata bakwai. Raka'a 85 ce a kullum ban da ta ranar, kuma ga mai shago da iyali abu ne mai wuya, shi ya sa wasu malaman mazhaba suka sassauta zuwa kwana biyu a rana, wanda zai kai ka shekara huɗu. Sallar yini guda raka'a 17 ce, ba ta cin rabin awa. Ka yi ta kwana ɗaya bayan Asuba kafin ka buɗe shago, ta kwana ɗaya kuma bayan Isha'i, kana bin jerinsu, Asuba, Azahar, La'asar, Magariba, Isha'i, kowace da irin karatunta na ɓoye ko na bayyane. Ramuwar farilla ba ta da lokacin hani, ana yin ta ko bayan La'asar. Ka sami ƙaramin littafi ka riƙa jan layi kamar yadda kake rubuta bashin masu ɗaukar sukari. Kuma lokacin da za ka ba nafila, har da asham na watan azumi, ka ba ramuwa, ban da shafa'i da wutiri da raka'o'in alfijir da sallar Idi. Ba a ce sai ka gama wannan za ka je Makka ba, ko a Harami kana iya ci gaba da ramawa.

Azumin kwana 40 za ka rama shi kwana 40, ba dole ne a jere ba, kuma lokacin sanyi, daga Disamba zuwa Janairu, ya fi sauƙi a ƙasar Adar. Saboda ka bari wani Ramadan ya zagayo ba ka rama ba, akwai ciyar da mudun Annabi ɗaya a kan kowace rana. Babban nauyin shi ne kaffara, domin a wajen Imamu Malik wanda ya ci da gangan da rana a Ramadan, kowace rana tana da kaffararta: ciyar da miskinai 60 mudu ɗaya ɗaya, ko azumin wata biyu a jere. Mudun Annabi cikin tafin hannu biyu ne na matsakaicin mutum, ya ɗan haura rabin kilo, ba tiyar kasuwa ba ce. Kwana 40 sau 60 ya ba da mudu 2,400, wajen buhu 13 zuwa 15 na hatsi mai kilo 100. Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad ba su wajabta kaffara a kan ci da sha ba, sai a kan saduwa. Tun da Allah Ya hore maka, ni zan so ka bi mazhabar da ka tashi a cikinta, ka riƙa sayen hatsin da kaka lokacin da yake da araha, kana fitarwa kaɗan kaɗan har ka kammala.

Idan ka fitar da kuɗin marayu da zakkar baya, ka fara kaffara, abin da zai rage daga miliyan 4 ɗinka ba zai kai kuɗin kujera ba, wanda a ƴan shekarun nan ya haura miliyan 3. Ba ka yi asara ba, domin ka gano ne cewa bana ba ka cikin waɗanda Hajji ya hau kansu. Da ka tafi a haka, a mazhabarmu Hajjin ya inganta kuma farali ya sauka, tare da zunubi, amma inganci daban, karɓuwa daban. Ka tuna hadisin mutumin da ya yi doguwar tafiya, kansa a hargitse, jikinsa duk ƙura, yana ɗaga hannu sama yana kiran Ubangiji, alhali abincinsa da tufafinsa haram ne, aka ce ta yaya za a amsa masa. Ba na so ka tsaya a Arfa da wannan tunani a ranka. Shagon da ya tara maka miliyan 4 zai iya cika maka gurbin cikin shekara ɗaya ko biyu, in Allah Ya yarda, sai ka yi rajista ta kamfanin da hukumar COHO, mai kula da aikin Hajji da Umara, ta amince da shi, ka karɓi takardar shaidar biya. Idan kuwa ajali ya riga, ka rubuta wasiyya tun yau da abin da ya rage a kanka na zakka da kaffara, ka sa shaidu biyu.

Zancen sa'o'inka ba zan tsaya a kansa ba, sunan Alhaji ba rukuni ba ne. Mahaifiyarka ce abin dubawa. Kada ka ce mata kasuwa ce ta yi sanyi, kada kuma ka yi ta ja mata rai da "sai baɗi" ba tare da dalili ba. Ka same ta da dare bayan ta idar da salla, ka zauna a ƙasa kusa da tabarmarta, ka ce: "Inna, akwai kuɗin wani bawan Allah da ya rasu, suna hannuna, ina so in kai wa marayunsa kafin in fuskanci ɗakin Allah, ki sa mini albarka." Ba sai ka ba ta labarin shekarun Abijan ba, abin da Allah Ya suturta ka bar shi a suturce. Ban san tsohuwar da za ta ji wannan magana ta ce a bar marayu a sayi kujera ba, mai yiwuwa ma ita ce za ta tashe ka da asuba ta ce ka kama hanya.

Ka ware jika 600 ɗin nan yau ka ɗaure su daban, kada su sake kwana cikin kuɗin shago. Ka nemi dattijon da zai raka ka kafin Juma'a mai zuwa. In ka dawo daga Keita ka sake rubuto mini yadda aka yi, ka haɗo da abin da ka tuna na jarin kowace shekara, mu yi lissafin zakkar tare.